Tambayoyi da amsoshi kan kalmar GOAT, yabon Turanci mai kama da zagi

Duk mai bin muhawarar ƙwallo a Facebook ko X ko TikTok ya saba ganin an sa hoton Messi ko na Ronaldo, an rubuta GOAT a ƙasa, ga ɗan hoton akuya a gefe. Yabo ne, kuma a Turancin matasa na yau babu yabon da ya fi shi girma. Inda gizo ke saƙa shi ne, furucin kalmar da sunan akuya a Turanci duk ɗaya ne, akuya kuwa a kunnen Bahaushe ba dabbar kirari ba ce.

Mene ne ma'anar GOAT?

Taƙaitawa ce ta "Greatest Of All Time". An ɗauki harafin farko na kowace kalma, G da O da A da T, aka haɗa. Ana nufin wanda ya fi kowa a fagensa tun daga ranar da aka buɗe fagen har zuwa yau. Nauyin kalmar yana kan wannan faɗin zamanin ne. Wanda ya fi kowa a bana gwarzon shekara ne kawai. GOAT kuwa shi ne wanda aka jera shi da na da da na yanzu, matattu da rayayyu, ya fito a gaba. Shi ya sa muhawarar ƙwallon ƙafa ba ta tsayawa kan Messi mai kyautar Ballon d'Or 8 da Ronaldo mai 5, dole a sako Pele da kofunan duniyarsa uku na 1958 da 1962 da 1970, a sako Maradona da abin da ya yi a 1986.

Yaya ake furta ta?

Kalma ɗaya ce mai gaɓa ɗaya, ba a karanta harufanta ɗai-ɗai. Ba'amurke yana cewa wani abu kamar "gowt". A Nijeriya an fi jin ta da dogon wasalin o, irin na farkon kalmar "goro", kuma kowa zai gane. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, gajarta wasalin har ta koma "got", wadda kalma ce dabam mai nufin "ya samu". Na biyu, ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda harshenmu ya saba yi wa kalmomin aro, a ce "goti". A rufe ta da t kawai.

Daga ina ta samo asali?

Daga bakin ɗan damben Amurka Muhammad Ali. Tun yana amsa sunan Cassius Clay yake yi wa kansa kirari da "I am the greatest", wato ni ne na fi kowa. Ranar 25 ga Fabrairu 1964, yana da shekara 22, ya doke Sonny Liston a Miami Beach ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi, kirarin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa a 2016. A 1992 matarsa Lonnie Ali ta yi rajistar kamfanin da zai kula da haƙƙin sunansa da hotonsa, ta sa masa suna G.O.A.T. A nan ne haruffan huɗu suka fara zama suna mai zaman kansa. Darajar sunan ta fito fili a 2006, lokacin da kamfanin CKX ya sayi kashi 80 cikin 100 na wannan haƙƙi a kan dala miliyan 50.

Amma wanda ya fitar da kalmar daga takardun kamfani ya kai ta bakin matasa shi ne mawaƙin gambarar zamani LL Cool J, ɗan birnin New York. A watan Satumba na 2000 ya fitar da faifai mai suna G.O.A.T., wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka, kuma shi da kansa yana mayar da asalin kalmar ga Ali. Daga mawaƙa ta shiga bakin masu sharhin ƙwallon kwando, inda ake gwada Michael Jordan mai kofunan NBA shida da duk wanda ya biyo bayansa. Kafofin sada zumunta suka ƙarasa aikin, domin haruffa huɗu sun fi sauƙin bugawa a waya. Ƙamusun Merriam-Webster ya shigar da ita a 2018.

Gaskiya ne da can zagi ce a wasannin Amurka?

Gaskiya ne, kuma wannan ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Shekaru da dama jaridun Amurka suna kiran ɗan wasan da ya jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa da "the goat", kishiyar gwarzon wasa ke nan. Misalin da har yau ake tunawa shi ne na Bill Buckner, ɗan wasan besbol na Boston Red Sox, wanda ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa a wasa na shida na gasar ƙarshe ta 1986 da New York Mets. A makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point ma, ɗalibin da ya zo na ƙarshe a ajin masu fita shi ake kira "the goat". George Custer, wanda daga baya ya yi suna a tarihin sojan Amurka, shi ne ya riƙe wannan matsayi a 1861.

Ana danganta wannan tsohuwar ma'ana da kalmar "scapegoat", wanda ake ɗora wa laifin kowa. William Tyndale ne ya ƙirƙiro ta a 1530 yayin da yake fassara Attaura, a wurin da Littafin Firistoci ke bayanin bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a a kora shi daji. Amfanin sanin wannan shi ne, idan ka ci karo da tsohon rahoton wasanni aka ce wane ne "the goat of the game", zarginsa ake yi. Dattawan Amurka da yawa har yanzu wannan ma'anar ce ke fara zuwa musu.

Dole ne a rubuta ta da manyan baƙaƙe?

Idan kana son kauce wa rikici, e. Rubutu uku ake gani: G.O.A.T. da ɗigo-ɗigo, wanda shi ne tsohon salo. GOAT ba ɗigo, wanda ya fi yawa yanzu. Sai goat da ƙananan baƙaƙe, wanda matasa ke bugawa cikin gaggawa a tsakaninsu. Na ukun ne mai haɗari, saboda babu abin da ya raba shi da sunan dabbar. Wayoyi da yawa kan mayar da GOAT zuwa Goat da kansu, don haka a duba kafin a aika. Haka kuma na'urar fassara ta intanet tana iya mayar da saƙon zuwa Hausa da kalmar "akuya" tsirara, musamman idan an rubuta da ƙananan baƙaƙe.

Yaya ake sa ta a jimla?

A nan ne ɗan ƙaramin abu ke juya ma'ana gaba ɗaya, wato bambancin "the" da "a". "He is the GOAT" na nufin shi ne wanda ya fi kowa. "He is a goat" kuwa, a kunnen ɗan Nijeriya, cewa aka yi mutumin akuya ne: mai taurin kai, marar jin magana. Tunda Hausa ba ta da waɗannan ƙananan kalmomi a gaban suna, mai koyo kan yar da su ko ya musanya su, ya ce "you are goat", ya tafi da niyyar yabo ya dawo da faɗa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kujera ɗaya ce, mai zama a kanta ɗaya ne, saboda haka "the" ake sawa.

Sifofin da aka fi amfani da su kaɗan ne. Idan za a ambaci fage, a ce "the GOAT of tennis" ko "the tennis GOAT". Idan ra'ayin kai ne ake nunawa, a ce "my GOAT", wato nawa gwanin, ko da wasu ba su yarda ba. Jam'inta "GOATs", da ƙaramin s kuma ba waƙafin sama. "The GOAT debate" ita ce muhawarar wa ya fi. Idan aka ce ɗan wasa yana "in the GOAT conversation", ana nufin ya isa a ambaci sunansa cikin masu neman kujerar, ba wai ya hau ta ba. Kuskuren da ake yawan gani shi ne "the GOAT of all time" ko "the greatest GOAT". Maimaici ne, domin duka kalmomin suna cikin haruffan tun farko.

To, "goated" fa?

Sifa ce da aka ƙera daga GOAT, ta yaɗu ta hannun masu wasannin bidiyo da matasan TikTok, Merriam-Webster ya karɓe ta a 2023. Ta fi uwarta sauƙi nesa ba kusa ba. "This phone is goated" na nufin wayar ta yi matuƙar kyau, babu da'awar cewa ba a taɓa ƙera irinta ba. Ana faɗarta ga abinci, ga takalmi, ga malamin da ya iya koyarwa, ga dabarar da ta yi aiki. Ba ta ɗaukar "the" idan ta zo a ƙarshen jimla: "she is goated". Idan gwaninta a wani abu ake nufi, sai a bi ta da "at", kamar "he is goated at maths". Furucinta gaɓa biyu ne, "go-tid", Amurkawa kuma kan sassauta t ɗin har ya yi kama da r mai bugu ɗaya.

Me ya kawo hoton akuya cikin maganar?

Wasa da kalma ne kawai: tunda furucin ɗaya ne, hoton ya zama gajeriyar hanyar rubuta yabon. Emojin akuya ya shiga Unicode, tsarin haruffa da alamomin da wayoyi da kwamfutoci ke amfani da shi, a 2010, amma shekarar 2018 ce ta fito da shi a ƙwallon ƙafa. Gab da gasar cin kofin duniya ta Rasha, mujallar Paper ta Amurka ta buga hotunan Messi tare da awaki. Ranar 15 ga Yuni, a birnin Sochi, Ronaldo ya ci Sifaniya ƙwallo uku a wasan da aka tashi 3 da 3, kuma da ya ci ta farko ya shafa haɓarsa, abin da jama'a suka fassara da nunin gemun bunsuru. 'Yar wasan alkafura Simone Biles ta sa rigar gasa mai zanen kan akuya a 2021, ta kuma rataya sarƙar wuya mai siffar akuya a gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Wajen zaɓen hoton a waya a lura, akuya da rago da tunkiya suna kusa da juna. Na akuya yana da gemu da ƙahoni masu karkata baya, na rago ƙahoninsa a nannaɗe suke. Rago ba ya ɗauke da wannan ma'ana a Turanci, a Hausa kuma ya fi muni, domin mutane da yawa suna rubuta rago da raggo iri ɗaya.

Ana faɗa wa mace?

Ana faɗa, kalmar ba ta canzawa. Serena Williams mai manyan kofunan tanis 23 tana cikin waɗanda aka fi kira da ita.

Idan ana cakuɗa ta da Hausa, yaya ya kamata ta zauna?

Jinsin mutumin take bi, ba na dabbar ba. Akuya mace ce a nahawun Hausa, amma "Messi ne GOAT" ake cewa, "Serena ce GOAT". Wajen mallaka da nuni tana ɗaukar "ɗin" kamar sauran kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi: "shi ne GOAT ɗin", "GOAT ɗinmu", "GOAT ɗina". Haka za ka ji ta a gidajen kallon ƙwallo ranar da Real Madrid da Barcelona suka haɗu. Wasu matasa kan fassara ta da gangan su ce "akuyarmu", don raha tsakanin waɗanda suka san zancen. Wannan ya tsaya a majalisar abokai, ba a kai shi inda baƙon ido zai karanta.

Wace kalmar Hausa ce ta yi daidai da ita?

Babu kalma guda da ta ɗauke ta duka, amma Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Mafi kusa a ma'ana shi ne "wanda ba a taɓa yin kamarsa ba", domin shi ne ya ƙunshi zamani. "Gwarzon gwaraza" da "gwanin gwanaye" suna ba da fifikon, "gagarabadau" yana ba da ƙarfin da ba a iya kayarwa, "zakaran gwajin dafi" kuma ya fi dacewa da wanda ya yi fice a inda wasu suka kasa. Mai fassara labarin wasanni ga jarida ko rediyo ya fi kyau ya ce "ɗan wasan da ya fi kowa a tarihi".

Abin lura shi ne, kirarin Hausa cike yake da dabbobi: zaki, toron giwa, bijimin sa, ingarman doki, damisa. A cikinsu siffar dabbar ake ɗora wa mutum, ƙarfinta ko kwarjininta. GOAT ba haka take ba. Babu wata siffar akuya da ake yabon Jordan da ita, haɗuwar haruffa ce kurum. Wanda ya fassara ta a matsayin kirarin dabba ya ɓata ta tun daga tushe.

Su wa bai kamata a faɗa wa ba?

Duk wanda ba ka da tabbacin ya san kalmar, da duk wanda girmansa ya wuce a yi masa Turancin titi: iyaye, surukai, malaman addini, sarakuna, shugaba a wurin aiki. Dalilin a fili yake. A Hausa "ɗan akuya" da "bunsuru" suna ne na mai bin mata. A Turancin Nijeriya "goat" zagin mai kunnen ƙashi ne. A Turancin Ingila da Amurka ma "old goat" tsoho ne marar kamun kai, "you got my goat" kuma na nufin ka ɓata min rai. Idan yaro ya rubuta "Baba, you are the GOAT" a dandalin WhatsApp na dangi, ko uban ya gane, akwai kawu ko gwaggo da za su karanta akuya, kuma bayanin da zai biyo baya ba ya goge abin da ido ya riga ya gani. "Allah ya ƙara girma, Baba" ta isar da saƙon ba tare da an ɗaga gira ba.

A Nijar da Chadi da Kamaru akwai ƙarin tarko. A Faransancin 'yan kallo, idan aka kira ɗan wasa "une chèvre", wato akuya, ana nufin bai iya komai ba. Matasan da ke magana da Faransanci sun ari "le GOAT" daga Turanci da ma'anar yabo, amma hoton akuya shi kaɗai, ba rubutu, yana iya ɗaukar fassara biyu masu karo da juna. Idan da mai Faransanci kake muhawara, rubuta haruffan huɗu tare da hoton.

Ya dace a yi amfani da ita ga annabawa ko manyan bayin Allah?

Bai dace ba. Akan ga matasa a intanet suna yin haka da kyakkyawar niyya, suna ganin ai ma'anar fifiko ce. Amma kalmar filin wasa ce da dandalin waƙa, furucinta sunan dabba ne, kuma sau da yawa hoton dabbar na biye da ita. Addini yana da lafuzzansa na girmamawa da kowa ya sani, su za a riƙe.

Za a iya sa ta a jarrabawa ko wasiƙar neman aiki?

A'a. A rubutun insha'i na WAEC da NECO, da wasiƙar ofis, da rahoto, ana ɗaukarta a matsayin Turancin titi kuma tana iya jawo asarar maki. A rubuta "the greatest of all time" a cike, ko "one of the greatest". Jaridun wasanni na Turanci kan sa ta a kanun labari, wannan salon gidansu ne.

Mene ne bambancinta da "legend" da "MVP" da "OG"?

"Legend" wanda ya bar tarihi ne, kuma suna da yawa: Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, yana cikinsu, haka Nwankwo Kanu. "MVP" kyauta ce ta kaka ɗaya ko gasa ɗaya, ga ɗan wasan da ya fi amfani, bana wane, baɗi wani. "OG" tsohon hannu ne, wanda ya riga kowa shiga harkar, ko da an zo an fi shi. GOAT tana sama da su duka. Kowane GOAT "legend" ne, amma akasarin "legends" ba sa kusa da kujerar. Daga ƙasa kuma akwai "mid", abin da bai taka kara ya karya ba, da "washed", gwanin da ƙarfinsa ya ƙare, da "WOAT", wadda aka ƙera a kan GOAT don nufin mafi muni a tarihi.

Yaya za a gane ana yabo ne ko ana gatse?

A dubi lokacin da aka faɗe ta da kuma bakin da ta fito. Idan ɗan wasa ya ɓarar da bugun fanareti aka rubuta "your GOAT" da hoton dariya, tsokanar magoya bayansa ake yi. Kalmar "your" ita ce alamar: mai yabo "the" ko "my" yake cewa, mai tsokana yana jingina gwanin ga abokin gardamarsa. Sa kalmar tsakanin alamun zance ma nuni ne cewa marubucin bai yarda ba.

Tunda kujera ɗaya ce, me ya sa kowa ya zama GOAT?

Saboda kalmar tana aiki a mataki biyu, kuma ya kamata mai amfani da ita ya san wanne yake kai. Akwai mataki mai nauyi, na muhawara, inda ake kawo hujja: Tom Brady da kofunan Super Bowl bakwai a ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, Novak Djokovic da manyan kofunan tanis 24 a gaban 22 na Nadal da 20 na Federer, LeBron James da ya wuce Kareem Abdul-Jabbar a yawan maki a gasar ƙwallon kwando ta NBA a Fabrairun 2023, Messi da ya ɗaga kofin duniya a Katar ranar 18 ga Disamba 2022. Akwai kuma mataki mai sauƙi, na godiya, inda aboki ya turo maka katin waya ka ce masa "you're the GOAT". A nan ba ta wuce "ka gama min komai" ba.

Yawan amfani na biyun ne ya rage mata kaifi. Jami'ar Lake Superior State da ke jihar Michigan, wadda tun 1976 take fitar da jerin kalmomin da ta ga an gaji da su, ta sa GOAT a saman jerinta na 2023. Hujjar masu ƙorafin tana da ƙarfi: tarihi bai ƙare ba, kuma duk bajintar da aka kafa ana iya karya ta. A ganinmu mai sharhi da ke son a ɗauki maganarsa da muhimmanci ya ajiye GOAT ga mutum ɗaya a kowane fage, ya faɗi ma'aunin da ya yi amfani da shi, kofuna ne ko ƙwallaye ko daɗewa ana yi, sauran gwanaye kuma ya ba su "great" ko "legend".

Idan aka ce min "you're the GOAT", me zan amsa?

Amsa gajera, mai sauƙi. "Thanks" ko "appreciate it" sun isa. Idan godiya ce kan wani taimako, "anytime" ko "no problem" sun dace, kamar yadda za ka ce "ba komai" ko "yi wa kai ne". Idan kana son mayar da yabon, ka ce "no, you are", ka ɗan danna "you". Kada ka amsa da "yes, I am the GOAT" sai a tsakanin abokan wasa, domin a bakin mai ita kalmar takan koma fariya. A Hausance kuma, "a'a, wane ni, ai ku ne manya" ta zauna daidai.